Neman kalma: tsiron da ke yin fure a ƙarƙashin teku

Mai shirin muhalli, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina neman agaji cikin gaggawa. Tun 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Maris don tsiron da Turawa ke kira seagrass, an kuma ba ni minti goma a rediyo, jibi za mu naɗa. Na rubuta "ciyawar teku", sai na ga wasu masu fassara da sunan nan suke kiran seaweed. Me zan ce? Sannan garin da ke fita daga furen namiji, yana da suna?

Ɗalibi, Aliero:
Wa alaikumus salam Yaya. Ki ce kainuwar teku kawai, kowa ya san kainuwa.

Malamar kimiyya, Gusau:
A'a ƙanena, kainuwa bisa ruwa take yawo. Wannan a kafe yake cikin yashi ko taɓon gindin teku, inda ruwa bai yi zurfin da zai hana rana kai wa gare shi ba. Yana da saiwa, da kara mai rarrafe ƙarƙashin ƙasa, da ganye, da fure, da iri. Seaweed ba shi da saiwa ta gaske, ba ya fure, dangin gansakuka ne. Ki ba shi "gansakukar teku", sai ciyawa ta koma wa mai ita. Iri-irin seagrass sun haura 60, kuma kakanninsu tsirran tudu ne da suka koma ruwan gishiri.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Malama kin yi bayani, amma sunan na nan hannunmu. Burgun teku. A gulbinmu burgu ne ke shimfiɗa fage guda, ƙananan kifaye su ɓuya a ciki, ayu ya fito da dare ya ci. Na sha ganin wurin da ayu ya yi kiwo, da safe sai ka tarar da guntayen kara suna yawo bisa ruwa. An ce wancan ma dangin ayu na teku da kunkuru ke kiwonsa. To me ya rage?

Malamar kimiyya, Gusau:
Maganar kiwo gaskiya ce Malam. Sai dai burgu yana ɗaga kansa sama da ruwa, iska ke ɗaukar garin furensa. Abin da ya sa wannan tsiro ya zama abin mamaki shi ne yawancinsu a nutse suke gama komai. Furen namiji ya saki garinsa cikin ruwa, a wasu irin garin dogo ne kamar zare, igiyar ruwa ta ja shi har ya sarƙe a furen mace. Da yawansu namiji daban mace daban, kamar gwanda. Akwai guda, Enhalus, da furen namijinsa ke tsinkewa ya taso saman ruwa ya je ya iske macen a can. A 2016 masu bincike a Meziko suka nuna cewa ƙananan halittun ruwa ma na ɗaukar garin daga fure zuwa fure. In kika ce burgu, mai sauraro zai hango kan ciyawa yana kaɗawa a iska, ya rasa wannan duka.

Tsohon malamin Hausa, Argungu:
Ni abin da ad dame ni daban na. Mai tambaya tana Birnin Kabi, masu saurare Kabawa da Zamfarawa, amma kowa na ta "ciyawa, ciyawa". Mu haki muka cewa. Hakin teku. Kuma hure muka cewa. Mi za ya hana a hwaɗi shi hakanan? Duk sadda anka zo ƙirƙiro kalma sai a ɗauko ta Kano, tamu ta zama ta ƙauye. Amma garin hure, ɗiyata, kada ki wahala. Bununi na. Duk wanda yat taɓa shiga gonar gero sadda ta hidda kai ya hito da shi bisa riga.

Mai fassara, Talatar Mafara:
Allah shi gafarta Malam, bununi ya zauna daram, na karɓa hannu bibbiyu. Amma haki akwai matsala. A rubuce, mutumin gabas zai karanta "hakin teku" ya ɗauka numfashin gajiya ake nufi. Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano kaɗai ba ce, ta makaranta ce, da ita yaranmu ke rubuta jarrabawa.

Tsohon malamin Hausa, Argungu:
Rediyo za a yi ko jarrabawa? Kunne ka ji, kuma kunnen Bakabe ba ya haɗa haki da haki. Ƙasar da tah hidda Kanta, da malamman da sunka cika ƙasar Hausa da waƙoƙin ajami, ita za a ce ba ta iya raɗa ma tsiro suna?

Ɗalibi, Aliero:
Baba, ni dai da a bar shi "sigiras" yadda muka bar mota da rediyo. Babu wanda ya taɓa ganinsa a nan.

Tsohon malamin Hausa, Argungu:
Wanga shi na ban yarda da shi ba ko kaɗan. Mota an kawo muna ita da sunanta. Haki kuwa Allah ya ba mu sunanai tun kaka da kakanni.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Kuna ta jayayya tsakanin Kano da Kabi, alhali mu da ke kwana bisa ruwa ba a tambaye mu ba. Ina nan kan burgun teku.

Malamar kimiyya, Gusau:
Don Allah mu taimaka mata, lokaci na tafiya. Yaya, ko da wane suna kika tsaya, kada ki manta hanya ta biyu ta yaɗuwarsa, wato karan nan mai rarrafe. A 2022 aka gano a Shark Bay ta yammacin Ostireliya cewa wani fage da ya miƙe kusan kilomita 180 tsiro ɗaya ne tak, mai shekara kimanin 4,500. A Afirka ta Yamma ma akwai manyan fagage a Banc d'Arguin ta gaɓar Muritaniya. Kuma a gaskiya, a ilimin tsirrai ba dangin ciyawa ba ne, kamar ganye ce ta jawo masa sunan. Shi ya sa nake so "mai fure" ta biyo baya.

Mai shirin muhalli, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi. Farkon shiri zan ce "ciyawar teku mai fure, wadda mu nan za mu ce hakin teku", daga nan in ci gaba da ciyawar teku. Ɗayan kuma gansakukar teku. Bununi na ɗauka. Burgu zan kawo shi wurin maganar ayu, Malam na Yawuri ka yi haƙuri. Saura haɗuwar bununi da furen mace. "Barbara" ta yi mini nauyi a baki a shirin da yara ke ji.

Mai fassara, Talatar Mafara:
Barbara dai ake rubutawa. In ta yi miki nauyi, ki ce "bununi ya kai ga furen mace", ki wuce.

Tsohon malamin Hausa, Argungu:
To, sau ɗaya ya hi babu. Amma ban janye ba, ɗiyata. In an maimaita shirin baɗi, a sa haki gaba.