Yaya zan gane injin 1ZZ ta hoto kafin in tura kuɗi?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. Injin Corolla ta 2006 ya buga, ina neman na hannu. Mai sayarwa yana nesa, ya turo hotuna uku, duk daga sama, ya ce samfurin 1ZZ ne. A murfin an rubuta VVT-i. Wannan ya isa shaida? Me ya kamata in ce ya ƙara ɗauko mini?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, bai isa ba. Murfin nan roba ce, noti biyu ake kwancewa a ɗora shi kan wani injin. Kuma 1ZZ, 3ZZ da 4ZZ ’yan gida ɗaya ne, daga sama ko bakanike sai ya rikice. Faɗin silindarsu duk milimita 79 ne, bambancin yana ciki, a tsawon tafiyar fistin. Shi ya sa 1ZZ yake lita 1.8, 3ZZ 1.6, 4ZZ kuwa 1.4. In aka ɗaura maka 3ZZ da sunan 1ZZ, zai iya tashi, amma motar za ta yi sanyin jiki a hawa, don burenbos ɗinka, wato kwamfutar motar, lissafin 1.8 yake yi.

Shaidar gaskiya tana jikin bulok. Akwai wani ɗan fili mai santsi kusa da inda giya ke haɗuwa da inji, nan aka buga lambar. Za ka ga 1ZZ da farko, sannan lambobi su biyo. Ka ce ya goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ya haska tocila daga gefe, ba kai tsaye ba, don haruffan su fito. Hoto biyu nake so: ɗaya na kusa da ake karanta lambar, ɗaya na nesa da ke nuna lambar tana jikin wannan injin dai. Ya rubuta ranar a takarda ya ajiye a gefe, kada ya zamana tsohon hoton wani injin ne ake ta yawo da shi. In ka ga alamar an goga wurin da dutse ko haruffan sun karkace, ka haƙura da shi.

Sai ka duba farantin bayanan da kamfani ya liƙa a jikin motarka ma. In lambar samfurin ta fara da ZZE122 ko ZZE130, 1ZZ ne nata. ZZE121 kuwa 3ZZ ne.

Mai Wayarin:
Oga ya gama magana a kan lamba. Nawa ɓangaren soket ne. Corolla ’yar Amurka ta 2003 da 2004 toturinta na kebul ne, daga 2005 aka koma na lantarki. Duka 1ZZ ne, amma in ya zo da na kebul sai ka kwance manifol da totur na tsohon injinka ka mayar. Ba matsala ba ce in naka lafiyayyu ne, sai dai ka sani tun kafin ciniki. Ya ɗauko maka toturin da kowane soket, ka jera da na motarka ka ƙirga ƙafafu. Ya kuma ɗauki bayan injin: faranti siriri na otomatik ne, fulawul mai kauri na giyar hannu.

Bakanike:
Haka ne. Sauran lafiyarsa, kuma nan ne mutane suka fi cutuwa. Mai sayarwar ya juya murfin bakin mai ya ɗauki cikinsa. In akwai kumfa ruwan madara, ruwa ya haɗu da mai, mai yiwuwa gasket ya ƙone ko top silinda ta tsage. Ya haska cikin ramin: ƙarfe mai ruwan zuma alamar ana juyen mai a kan kari, baƙin dasƙararren mai kuwa sakaci ne. Ya fitar da fulogi huɗun ya jera su bi da bi. Wanda ya jiƙe da mai, silindarsa na shan mai, kuma 1ZZ na farko-farko sun yi suna wajen wannan saboda ringin mai da ke maƙalewa. Wanda ya yi fari tas shi kaɗai a cikin ’yan’uwansa, ruwa ne ke wanke shi.

A duba bakin da tiyon lagireto ke shiga ko akwai jan tsatsa, da kaskon mai na ƙasa ko ya lotsa, da kunnuwan da ake ɗaura inji ko ɗaya ya karye. Gam da ya tsattsafo da yawa a gefen murfin sarƙar taimin yana iya nuna an taɓa buɗe shi. Ni injin da aka wanke yana ƙyalli ya fi ba ni tsoro a kan mai ƙura, don wanki na ɓoye yoyo.

Sannan bidiyo: ya sa sifana mai lamba 19 a notin fuli na karanshaf ya juya zagaye biyu cikakku. Da fulogi a ciki, za ka ga yana tauri yana saki. In ya cije a wuri ɗaya ya ƙi wucewa, magana ta ƙare.

Mai Corolla:
Allah ya saka da alheri. Gwajin kwamfureshan fa, wato auna ƙarfin matsin silinda, zai yiwu tunda injin yana ƙasa?

Bakanike:
Zai yiwu in giyar tana haɗe da shi, don kik a jikin gidan giya yake ɗaure. Ƙa’idar 1ZZ kada silinda ta gaza 145 psi, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15. A injin sanyi adadin kan ɗan sauka, saboda haka ka fi lura da daidaituwar huɗun. In ba giya, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za ka ɗaura ka gwada, in yana hayaƙi ko ƙara a karɓa a canza, kuma a rubuta lambar injin a rasit ɗin.