Yaya Turawan Sifaniya 500 suka ci daular Aztek?

Aminu, Gwammaja:
Assalamu alaikum malamai. Ana cewa Hernan Cortes ya sauka gaɓar Meksiko a 1519 da mayaƙa wajen 500 da dawakai 16, shekara biyu kacal ya rusa Tenochtitlan, babban birnin Aztek. Bindiga ce ta yi wannan aikin, ko da wata a ƙasa?

Malam Habibu, Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Bindigar tasu 'yar ɗure ce mai lagwani. Kafin ka ɗura gari da harsashi ka kunna, mai baka ya sake kibiya da yawa, in kuma gari ya jiƙe ta zama sanda. Takobin ƙarfe da sulke da doki sun fi ta aiki, don makamin Aztek katako ne da aka jera wa tsinin baƙin dutse: yana keta tsoka, amma a kan ƙarfe farfashewa yake.

Babban dalilin dai mutanen ƙasar ne. Aztek sun gallabi maƙwabta da haraji da kama mutane don yanka wa gumaka. Mutanen Tlaxcala, maƙwabtan Aztek kuma abokan gabarsu, da farko sun gwabza da Cortes, daga baya suka ba shi dubban mayaƙa. A daren 30 ga Yuni 1520 Aztek suka fatattaki Turawan daga birnin, ɗaruruwa suka mutu a kan hanyoyin da suka ratsa tafkin da ya kewaye birnin, wasu zinaren da suka ɗauka ne ya nutsar da su. Da Tlaxcala ta rufe musu ƙofa a lokacin, da zance ya ƙare.

Malama Zainab, Kabuga:
A ƙara da agana, Malam. Ta shiga birnin a 1520, jikin mutanen ƙasar bai san ta ba, har Sarkin Aztek Cuitlahuac ta ɗauke bayan kwana wajen 80 a kan gado. Sannan birnin a tsakiyar tafki yake. Cortes ya sa aka sassaƙa jirage 13 a Tlaxcala, aka ɗauko su gunduwa-gunduwa a ka zuwa Texcoco da ke bakin tafkin aka harhaɗa. Da su aka tare kwale-kwalen abinci, aka kuma datse ruwan sha da ke zuwa daga Chapultepec. Yunwa da ƙishirwa suka gama da mutane, aka kama Sarki Cuauhtemoc ranar 13 ga Agusta 1521.

Malam Habibu, Fagge:
Haka ne, Malama. Mu Kanawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba: rundunar da ta ci Kano a Fabrairu 1903 yawancinta baƙaƙen fata ne, Turawan tsiraru, Sarki Alu kuma ba ya gari.

A Peru ma ɓaraka Pizarro, jagoran Turawan Sifaniya da suka ci daular Inka, ya tarar. Sarkin Inka Atahualpa bai daɗe da gama yaƙin gadon sarauta da ɗan'uwansa Huascar ba, sai Turawa 168 suka yi masa kwanton ɓauna a Cajamarca ranar 16 ga Nuwamba 1532. Ya tara musu zinare da azurfa don fansar kansa, aka narke, aka cire wa Sarkin Sifaniya humusi, a 1533 suka kashe Atahualpa. Ragowar Inka sun ja daga a Vilcabamba har 1572.