Tambaya: Yaya ƙaramin gari zai tace ruwan ƙazantarsa ba tare da ya ɓata tafkin da ke gefensa ba?

Ɗan Bakin Tafki:
Assalamu alaikum. Garinmu yana bakin wata madatsar ruwa da ake kamun kifi da noman rani a cikinta, kuma duk lambatocin garin can suke zuba. Yanzu idan zafi ya kankama sai gansakuka ta lulluɓe gefen ruwan, wani lokaci har a wayi gari da matattun kifaye. Ƙungiyar ci gaban garin tana shawarar a haƙa kududdufan tace ruwa. Ina roƙon masana su faɗa mana ko wannan kaɗai zai wadatar.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kududdufan tacewa su ne suka fi dacewa da ƙaramin gari a ƙasa mai zafi, domin ba sa buƙatar lantarki ko injin da zai lalace a rasa mai gyara. Ana jera su kashi uku. Na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5, inda dagwalo ke kwantawa ya ruɓe. Na biyu bai wuce mita 2 ba, inda gansakuka ke samar da iskar oksijin ga ƙwayoyin da ke cinye sauran ƙazantar. Na ƙarshe kuwa marar zurfi ne, don hasken rana ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da suke ci shi ne fili mai faɗi, da wanda zai riƙa yashe dagwalon bayan 'yan shekaru, wanda a ganina nan ne yawancin irin waɗannan ayyuka suke mutuwa.

Malamar Kimiyya:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ina da ja a kan wadatarwar. Kududdufai suna rage cuta da wari, amma ba sa cire mafi yawan sinadarin fosfaros da ke cikin bayan gida da wasu garin sabulun wanki, alhali shi ne abincin gansakukar da ake kuka da ita. Idan ta mutu ta ruɓe sai ta shanye oksijin ɗin ruwan, kifi ya rasa numfashi. A 1973 masanin tafkuna David Schindler da abokan aikinsa sun raba wani tafki a lardin Ontariyo na Kanada gida biyu da labule, suka zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, suka ƙara fosfaros a ɗaya kawai, kuma wancan ɓangaren ne kaɗai ya rikiɗe ya zama kore. Saboda haka wasu wuraren da suka yi nasara hana ruwan ƙazantar shiga tafkin suka yi baki ɗaya. A Faransa, garuruwa 8 na bakin tafkin Annecy sun haɗa kai a 1957, aka shimfiɗa bututun da ke kewaye tafkin yana kai ƙazantar wurin tacewa a can ƙasa da shi. Ga ƙaramin gari a nan, hanya mafi sauƙi ita ce a karkatar da ruwan kududdufi na ƙarshe zuwa gonakin rani da ke nesa da gaɓa, inda fosfaros ɗin zai zama taki.

Tsohon Injiniya:
Na yarda, Malama, da sharaɗin a riƙa gwada ruwan kafin a kai shi gona, musamman idan za a shayar da latas ko tumatir da ake ci ɗanye. Haka kuma a duba inda za a haƙa. A Gwatamala, guguwar Stan ta rushe matatar ruwan ƙazanta ta garin Panajachel a 2005, ƙazanta ta ci gaba da kwarara cikin tafkin Atitlan, wanda ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, kuma a 2009 gansakuka ta mamaye shi. Kada a sa kududdufan a inda ambaliyar damina take bi.

Ɗan Bakin Tafki:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Filin da aka ware mana yana cikin fadama ne, don haka zan fara gabatar da batun sauya wurin a taron ƙungiya mai zuwa.