Muhawara: Rubutun Manchu nasu ne, ko kayan aro ne daga Mongol?

Baban Khadija: Jama'a, ni har yanzu ban yarda a ce "rubutun Manchu" ba, wato rubutun ƙabilar Manchu ta arewa maso gabashin ƙasar Sin. Na sa shafi na Manchu da na Mongol gefe da gefe, duka daga sama zuwa ƙasa suke sauka, layukan kuma suna tafiya daga hagu zuwa dama. Abu ɗaya ne. A 1599 Nurhaci, sarkin Manchu, ya sa mutanensa biyu, Erdeni da Gagai, su ɗauko haruffan Mongol su rubuta harshensu da su. Wanda ya ari riga ai ba ya cewa shi ya ɗinka.

Ɗalibin Tarihi: Malam, shekarar da ka kawo daidai ce, amma ka tsaya a tsakiyar labari. Wancan rubutun farko ya ba su wahala ƙwarai, domin harafi ɗaya ke ɗaukar k da g da h, haka t da d, haka o da u. Idan kalma ce sananniya mai karatu ya cinka, idan sunan mutum ne ko na gari sai ya ɓata. A 1632 wani malamin Manchu mai suna Dahai ya sa ɗigo da ɗan da'ira a gefen dama na haruffa: ɗigo ya mai da k zuwa g, da'ira ta mai da shi h. Ya kuma ƙara haruffa don sautukan Sinanci. Su kansu Manchu suna kiran tsohon rubutun "marar ɗigo da da'ira", wato sun ɗauke su abu biyu.

Baban Khadija: Ɗigo ai kwalliya ce a jikin rigar.

Maman Amir: A'a Baban Khadija, nan kam ban bi ka ba. Mu da muka yi karatun allo mun san nauyin ɗigo. Haruffan ba da ta da sa, me ya raba su? A ajaminmu ma, harafin ɗa mai hannu aka ɗora wa ɗigo uku ya zama tsa, sautin da Balarabe ba shi da shi. In an ba Balarabe waƙar ajami zai gane haruffa, amma ba zai karanta ta daidai ba. Shi ya sa muke cewa ajamin Hausa, kuma ba wanda ya ce mun yi ƙarya.

Auta: Ni da na gani ma ca nake Larabci ne aka tsayar da shi tsaye. Haruffan a manne suke, kuma siffarsu na canzawa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe.

Ɗalibin Tarihi: Idonka bai yaudare ka ba, Auta, amma ba daga Larabci ya fito ba. Kaka ɗaya suka haɗa, wato rubutun Aramaik. Larabci ya biyo ta Nabatawa, tsohuwar al'ummar arewacin ƙasar Larabawa. Ɗaya reshen ya bi ta Sogdiyawa, 'yan kasuwar tsakiyar Asiya, ya shiga hannun al'ummar Uigur, daga nan Mongol suka karɓa zamanin Genghis Khan wajen 1204. To Malam, in aro ke hana mallaka, Mongol ɗin ma ba su da rubutu ke nan.

Baban Khadija: Wannan na karɓa. Amma har yanzu kashin bayan harafin na Mongol ne, gyara kawai aka yi. Kuma yau wa ke amfani da shi? Manchu sun haura miliyan 10, amma masu jin harshen tun daga nono tsofaffi ne 'yan kaɗan, irin na ƙauyen Sanjiazi a lardin Heilongjiang.

Maman Amir: Abin da ke ci mini rai ke nan, wallahi. Harshen da aka mulki ƙasar Sin da shi daga 1644 zuwa 1912, aka rubuta yarjejeniyar Nerchinsk da Rasha da shi a 1689, har yau yana rubuce a allunan ƙofofin tsohuwar fadar Beijin kusa da Sinanci, amma jikoki ba sa iya karantawa.

Ɗalibin Tarihi: Bai ƙare gaba ɗaya ba, Hajiya. A 1764 an tura sojojin ƙabilar Xibe da iyalansu gadin iyaka a yankin Ili na Xinjiang. Zuriyarsu a Qapqal na magana da harshe mai kusanci sosai da Manchu, sun ɗan gyara rubutun a 1947, suna ma buga jarida da shi. Kuma Malam, ka lura da ɗigon Dahai suke rubutu, ba da tsohon na Mongol ba.

Baban Khadija: To, na sauko zuwa "rubutun Manchu mai tushen Mongol". Ƙasa da haka ba zan sauka ba.