Fim ko dandamali? Ina neman shawara kan wasanmu na Makon Hausa

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma ni aka ɗora wa nauyin wasan kwaikwayo na Makon Hausa na bana. Labarin da muka tsayar shi ne ambaliyar 2010, lokacin da gulbin Rima ya cinye gadar da ke kai mutum mazaunin jami'a na dindindin, ya share gonakin fadama. A kan labari babu gardama. Inda kai ya rabu shi ne yadda za a nuna shi.

Yawancin abokaina sun fi son a ɗauka da waya, a tace a kwamfuta, a haska a bango, sannan a ɗora a YouTube. Hujjarsu ita ce wasan dandamali na yini ɗaya ne, fim kuwa yana nan, kuma wanda zai nemi aiki a Rima TV, gidan talabijin na jihar Sakkwato, ya samu abin nunawa. Ban raina hujjar ba. Amma ni raina na kan dandamali, don ina son in ga fuskokin jama'a sa'ad da tsohuwar cikin wasan ke lissafa buhunan shinkafar da ruwa ya tafi da su. Kuɗinmu kaɗan ne. Wanda ya taɓa shirya irin wannan ya taimaka.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ku yi gardamar kyamara, wa kunka tambaya labarin? Mutanen Kwalkwalawa na nan bakin hanyarku, kullum kuna wuce su a mota. Su abin ya ci. Ku tai ku gaida mai gari, ku zauna da manoma da masunta, ku ji yadda sunka kwana ran nan. Ku saurari kalmominsu da kyau, kada ku sa wa manomin fadama Hausar Kano a baki, ba za a yarda da shi ba. Mu da munka yi wasan rediyo mun san murya ita ce rabin aiki. In sautin ya lalace, fim ɗin waya ba ya kalluwa, ga iskar hunturu tana cika makirfo da ƙara.

'Yar Runjin Sambo:
Yaya, ni maganata lokaci ce. In kun sa wasan bayan La'asar sakaliya, mu da ke zaune cikin gari hankalinmu zai koma kan motar da ke mayar da mu tashar Dandima, rabin zaure zai watse kafin Magariba. Ku sa shi da hantsi. Sannan in kuna son mata su fito, ku rubuta takarda da sa hannun malamin da ke kula da ƙungiya, mu kai gida. Iyaye da yawa in sun ji "fim" sai su ce a'a, don ba su san inda hoton 'yarsu zai ƙare ba. Wasan da za a yi gaban malamai ya fi sauƙin samun izini.

Malami a Arkilla:
Ƙanena, abin da Baba ya faɗa shi ne tafarkin da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya shahara da shi tun shekarun 1970: ɗalibai su shiga Samaru da ƙauyukan Zariya, su tattaro damuwar mutane, su gina wasa, su mayar masu da shi a fili, a tattauna bayan an gama. Ba sai da fitilu ko labule ba. Tabarma, kwale-kwalen kwali da kalangu sun isa, kuma duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san wannan. Ku yi dandamalin, ku ajiye wayoyi biyu su ɗauka, ɗaya daga nesa, ɗaya kusa da 'yan wasa. Masu son tacewa sun samu aikinsu.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri. Baba, ranar Asabar za mu je Kwalkwalawa in sha Allahu, kuma zan roƙi shugabanni a ware wa mutanen garin kujerun gaba. Malam, saura abu ɗaya: wa zai iya ara mana makirfon da ake maƙalawa a riga, ko da guda uku ne?