A cire ABS ko a bar shi? Gardama kan birkin tsohuwar jif

Mai jif, Mabera: Salamu alaikum jama'a. Jif ɗina 'yar Kwatano ce, ƙirar 2005. Ran Asabar muna dawowa daga Illela, wajen Gwadabawa akuya ta gitta. Na taka birki sai feda ta dinga harbin ƙafata, gar-gar-gar, mota ta ƙara gaba. Da munka kusa Kware kuma fedar ta yi laushi, sai na buga sau biyu take kamawa. Makanikina ya ce ABS ne, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, a cire shi a huta, wai ba don hanyoyinmu anka yi shi ba. Mi kunka gani?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya gaya maka, ɗana. Shekara talatin ina jan fijo tsakanin Sakkwato da Gusau, ba ABS ba komai, ga ni da raina. Bisa yashi wannan abin ba ya barin taya ta tsaya.

Malamin koyar da gyaran mota: Baba, a yi mini aikin gafara. Maganarka ta yashi haka take, a kan rairayi ko tsakuwa ABS na iya ƙara tazarar tsayawa. Amma harbin ƙafar nan ba lalacewa ba ne. Na'urar ce ke saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda don kar taya ta ƙulle. Taya in ta ƙulle sitiyari ya tashi aiki, jif kuma doguwa ce, nauyinta na sama. Alhaji, akuyar ka kauce mata?

Mai jif, Mabera: Na kauce, da ƙyar.

Malamin koyar da gyaran mota: To ABS ɗin ne ya bar maka sitiyari. Laushin feda matsala ce daban. Yaushe rabonka da canza man birki?

Mai jif, Mabera: Ana canza shi? Ƙari dai muke yi.

Malamin koyar da gyaran mota: Nan gizo ke saƙa. Man birki na shan danshi. Irin wanda ake kira DOT 3, sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa wajen 140. Ga kaya, ga gudu, ga zafin Afrilu da ke haura 40. In ya tafasa tururi kake takawa, shi ya sa feda ke laushi.

Makaniki: Malam, karatu daban, gareji daban. Kun san kuɗin famfon ABS? A kawo na hannu, wata uku fitilar gargaɗin ABS ta sake kamawa, mai mota ya ce mun cuce shi. Shi ya sa muke haɗa fayif kai tsaye.

Hajiya, Arkilla: Haka anka yi wa tamu. Ruwan farko na bara maigida ya taka birki a shatale-tale, mota ta juya ta kalli inda ta fito. Ni dai ban ƙara sa yara ciki ba.

Tsohon direba: Hajiya, wannan gudu ne da suɗaɗɗiyar taya, kar a ɗora wa makaniki.

Makaniki: Allah ya saka, Baba.

Mai jif, Mabera: Yanzu na fita na buɗe bonet na haska robar man da waya. Baƙi ƙirin, kamar shayin Buzaye. Oga, gobe da safe a zubar da shi a cire iskar da ke cikin birkin tayoyi huɗu. Fayif ɗin kar a taɓa tukuna.

Makaniki: Allah ya kai mu. Amma ka zo da man da kanka, kar a ce ni na saye jabu.