Yaya ake lanƙwasa katakon gindin bango ba tare da ya karye ba?

Sabon Kafinta: Salamu alaikum iyayen gida. Bangon falo ne mai zagaye, katakon kuma kaurinsa milimita 18. Da an tanƙwara shi sai ya tsage. Mece ce dabarar?

Mai Zarto: Wa alaikumus salam. Ka yi masa tsage-tsage ta baya da zarto, tsakanin kowace tsaga santimita 1 zuwa 1.5. Ka bar milimita 3 a fuskar ba ka taɓa ba. In tsagar ba ta yi zurfi ba, zai karye. In ta wuce, layukan za su fito a fuska bayan fenti. Ka fara gwadawa da guntu. Ka shafa gam, ka soma buga ƙusa daga tsakiya, kana bi zuwa gefe sannu-sannu. Bakin tsagogin da ke leƙowa ta sama a cike su da garin katako haɗe da gam.

Tsohon Hannu: Maganar malam daidai ce, amma in banish za a shafa, wato man sheƙi da ba ya rufe jikin katako kamar fenti, tsagogin nan sai sun nuna. Gara ka yanka shi falle-falle, milimita 3 kowanne, guda 6, ka haɗa da gam a kan ƙirar da ta yi daidai da bangon, ka matse shi ya kwana. Tururi ma yana yi: a turara katakon awa ɗaya ga kowane inci na kauri, a lanƙwasa da zafinsa cikin minti guda, a ɗan zarce ƙima domin yana komawa baya kaɗan. Ka guji katako mai ƙulli, nan yake karyewa. MDF kuwa, wato allon da ake yi da garin katako da gam, kada ruwa ya taɓa shi, kumbura yake yi.

Sabon Kafinta: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Fenti za a yi, don haka zan bi ta tsaga.